Daren da Jiki Ya Yi Ƙarya: Sabubban Faɗuwar Jirgin John Kennedy Ƙarami

Gabatarwa

Hausawa kan ce jiki magayi, wato abin da jikin mutum ya shaida masa gaskiya ce da ba ya jayayya da ita. A doron ƙasa maganar haka take. Makaho ya san lokacin da yake hawa tudu da lokacin da yake gangarowa, kuma ko a ɗakin da babu fitila mutum ba ya rikita sama da ƙasa. Sai dai akwai wurin da wannan amintaccen magayi yakan yi wa mai shi ƙarya, ya kuma yi ta da tabbaci irin wanda ba a shakka a cikinsa. Wurin kuwa shi ne kujerar matuƙin jirgin sama, a daren da ido ya rasa abin da zai kama.

A daren Juma'a, 16 ga Yuli, 1999, wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ya faɗa Tekun Atlantika yayin da yake gangarowa domin sauka a tsibirin Martha's Vineyard na jihar Massachusetts a Amurka. Mutum uku ne a ciki, kuma babu wanda ya tsira: matuƙin, John Kennedy Ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, mai shekara 38, matarsa Carolyn Bessette, mai shekara 33, da yayarta Lauren Bessette, mai shekara 34. Injin jirgin lafiya lau yake, akwai mai a tankinsa, babu hadari, babu ruwan sama, kuma babu dokar da matuƙin ya karya da ya tashi a wannan dare. To, me ya jefa lafiyayyen jirgi cikin teku saura 'yan mintuna ya sauka? Ruwa ba ya tsami banza. Wannan maƙala za ta bi sawun tafiyar daga farkonta, ta duba abin da masu bincike suka gano, sannan ta koma baya cikin tarihin tuƙin jirgin sama, domin cutar da ta kama Kennedy a wannan dare an san ta, an kuma san maganinta, shekara saba'in kafin ta kama shi.

Matuƙin da jirginsa

An haifi John Kennedy Ƙarami ranar 25 ga Nuwamba, 1960, makonni kaɗan bayan an zaɓi mahaifinsa shugaban ƙasa. Ranar da ya cika shekara uku ita ce ranar da aka yi jana'izar mahaifin nasa, wanda aka harbe a Dallas kwana uku kafin nan, kuma hoton yaron yana sara wa akwatin gawar ya shiga kowane gida a Amurka. Ya girma a gaban kyamara, ya karanta shari'a, ya yi aikin lauyan gwamnati a New York, sannan a 1995 ya kafa mujallar siyasa mai suna George. Sha'awar tuƙin jirgi ta daɗe a ransa, amma bai kammala koyo ba sai bayan rasuwar mahaifiyarsa Jacqueline a 1994. A watan Afrilu na 1998 ya sami lasisin matuƙi mai zaman kansa.

Wajibi ne a fahimci abin da wannan lasisi ya ba shi da abin da bai ba shi ba. Tuƙin jirgin sama iri biyu ne. Akwai tuƙi da ido, inda matuƙi yake duban waje, yana daidaita fukafukansa da layin da sama ta haɗu da ƙasa, yana gane hanya da koguna da tituna da garuruwa. Akwai kuma tuƙi da na'ura, inda matuƙi yake kawar da kai daga taga, ya dogara kacokan ga agogunan da ke gabansa. Na biyun yana bukatar horo na daban da shaidar ƙwarewa ta daban. Kennedy na farkon yake da shi. Ya ci jarrabawar rubutu ta na biyun a watan Maris na 1999, ya kuma yi darussa 12 daga cikin 25 na horon, amma bai kai ga ƙarshe ba.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya tara awa 310 a sama, 55 daga ciki da dare. Bai daɗe da sauya jirgi ba: a ƙarshen Afrilu na 1999 ya bar ƙaramar Cessna ya sayi Piper Saratoga mai kujera shida, wanda ya fi sauri, ya kuma fi yawan abubuwan kulawa. A cikinsa ya yi kusan awa 36, amma kusan duka tare da malamin tuƙi a gefensa. Abin da ya yi a cikinsa ba tare da malami ba bai wuce awa uku ba, kuma na dare a ciki bai cika awa guda ba. Bugu da ƙari, a ƙarshen watan Mayu ya karye a idon sawun hagu wajen wasan lilo da lema a iska, kuma sai ana gobe tafiyar aka cire masa filasta. An gan shi da sandunan dogarawa a filin jirgi a yammacin ranar.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinsa. A cikin wata 15 da suka gabata ya bi ta sau 35, aƙalla 17 ba tare da malami ba, aƙalla biyar daga cikinsu da dare. Malamansa ba su ɗauke shi a matsayin mai ganganci ba. Amma ɗaya daga cikinsu ya shaida wa masu bincike cewa ko da yake Kennedy yana iya riƙe jirgi ba tare da ganin waje ba, yana iya shan wahala idan wasu ayyuka suka taru masa a lokaci guda, kuma shi malamin hankalinsa ba zai kwanta ba a ce Kennedy ya bi irin wannan hanya shi kaɗai a irin wannan dare.

Yammacin Juma'a

Tafiyar ta biki ce. Washegari za a ɗaura auren Rory Kennedy, 'yar ƙanin mahaifinsa Robert, a gidan dangi da ke Hyannis Port. Shirin shi ne a tashi daga filin jirgin gundumar Essex a jihar New Jersey, a ajiye Lauren a Martha's Vineyard, sannan ma'auratan su ƙarasa Hyannis. Da an tashi a lokacin da aka tsara, wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, da an sauka da sauran hasken rana, domin a tsakiyar bazarar wannan yanki rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas. Amma aiki ya riƙe su, cunkoson motocin New York na yammacin Juma'a ya ƙara da nasa. Jirgin bai tashi ba sai ƙarfe 8:38, bayan rana ta faɗi.

Kimanin awa biyu kafin nan Kennedy ya duba rahoton yanayi ta intanet. Rahoton ya nuna sararin sama garau, kuma ana iya hangen nesa daga mil 4 zuwa mil 10 a filayen da ke kan hanyarsa. Dokar Amurka ta yarda matuƙin ido ya tashi da dare muddin yana hangen mil uku, saboda haka a takarda babu abin da ya hana shi. Abin da lambobin ba su nuna ba shi ne hazon da zafin bazara ya shimfiɗa a kan gaɓar teku. Duk wanda ya taɓa ganin yadda hazon hunturu yake shafe tsaunin Dala daga idon mai tsayuwa a cikin birnin Kano ya san halin hazo: ba ya rufe abin da ke kusa, amma yana narkar da abin da ke nesa har sama da ƙasa su zama launi ɗaya. Matuƙan da suka bi wannan hanya a daren sun ce a kan teku babu layin da ya raba ruwa da sama ko kaɗan. Wani matuƙi a filin Essex ɗin ma ya dubi hazon ya fasa tafiyarsa zuwa tsibirin. Wata kuwa jinjiri ne ɗan kwana uku, ya riga ya sunkuya yamma, a bayan jirgin da ya nufi gabas.

A ranar wani malamin tuƙi ya yi tayin raka shi, Kennedy ya ce yana so ya yi tafiyar da kansa. Bai shigar da takardar shirin tafiya ba, bai kuma nemi masu kula da zirga-zirgar jirage su riƙa bin sa da na'urar rada ba. Doka ba ta tilasta masa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Bayan ya yi sallama da hasumiyar Essex, babu wanda ya sake jin muryarsa a rediyo.

Jirgin ya hau ƙafa 5,500 ya bi gaɓar jihar Connecticut. A wannan ɓangare na tafiyar fitilun garuruwa suna jere a ƙarƙashinsa, kuma fitilu a ƙasa sukan tsaya wa ido a madadin layin sama. Da ya wuce Point Judith a jihar Rhode Island sai ya bar gaɓa ya miƙe kan ruwa, inda mil talatin da 'yan kai na baƙin teku suka raba shi da tsibirin. Fitilu suka koma bayansa. A gabansa babu tauraro, babu wata, babu gari.

Mintuna bakwai na ƙarshe

Jirgin ba shi da akwatin naɗar bayanan tafiya irin na manyan jirage, amma na'urorin rada na ƙasa sun riƙe sawunsa, kuma daga nan aka karanta abin da ya faru. Saura mil 34 ya isa filin Martha's Vineyard, wajen ƙarfe 9:33, ya fara gangarowa a hankali, ƙafa 400 zuwa 800 a minti, kamar yadda ya kamata. Minti biyar aka yi a haka. Wajen ƙarfe 9:38 sai jirgin ya karkata dama ya fuskanci kudu, inda babu komai sai teku. A ƙafa 2,200 ya daina sauka ya koma hawa, ya daidaita a ƙafa 2,500. Sannan ya karkata hagu, ya ɗan ƙara hawa zuwa 2,600, ya sake gangarowa da ƙafa 900 a minti, ya miƙe fukafukai na ɗan lokaci yana fuskantar gabas. Mai karanta wannan sawu yana ganin hannun mutumin da ya ji akwai matsala, yana gyarawa, gyaran yana wuce wuri, yana sake gyarawa.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 9:40 jirgin ya sake karkata dama, wannan karon bai dawo ba. Karkatar ta yi ta ƙaruwa, hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru. A ganin ƙarshe da rada ta yi masa yana ƙafa 1,100, yana faɗowa da saurin da ya haura ƙafa 4,700 a minti. A irin wannan sauri, abin da ya rage tsakaninsa da ruwa bai kai daƙiƙa goma sha biyar ba. Ya bugi teku wajen ƙarfe 9:41, mil bakwai da rabi kudu maso yamma da Gay Head, gefen tsibirin da gidan hutun mahaifiyarsa yake.

Washegari igiyar ruwa ta fara kawo kayansu bakin gaɓa. Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a ci gaba da nema da jiragen ruwan gwamnati. An gano tarkacen a zurfin ƙafa 120, kuma ranar 21 ga Yuli masu ninƙaya na sojan ruwa suka fito da gawarwakin uku. Ranar 22 ga wata aka watsa tokarsu a teku daga jirgin yaƙi mai suna Briscoe.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta kwashe kusan shekara guda tana aiki. Ta warware injin, ta duba farfela da agoguna da igiyoyin sarrafa fukafukai, ba ta sami alamar cewa wani abu ya lalace kafin faɗuwar ba. Gwajin jini bai nuna giya ko ƙwaya ba. Jirgin yana da na'urar da ke iya riƙe shi a miƙe da kanta, amma binciken ya nuna ba a kunne take ba lokacin da ya bugi ruwa. A watan Yuli na 2000 hukumar ta fitar da hukuncinta: matuƙin ya kasa riƙe jirgin yayin gangarowa a kan ruwa da dare saboda ɗimuwa, wato rikicewar sanin inda sama take da inda ƙasa take, kuma hazo da duhun dare sun taimaka.

Yadda kunne yake yin ƙarya

Mai karatu zai iya tambaya: yaya mutum mai hankali, zaune a kujera, zai kasa sanin cewa jirginsa ya kwanta gefe guda yana faɗuwa? Amsar tana cikin kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kowanne yana fuskantar ɓangare daban. Idan kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi jinkiri, ya tura wasu siraran gashi, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa cewa ana juyawa. Wannan tsari yana da rauni biyu. Na farko, juyin da ya yi sanyi sosai, ƙasa da kimanin digiri biyu a daƙiƙa, ba ya motsa gashin, don haka jirgi yana iya karkata a hankali matuƙi bai ji komai ba. Na biyu, idan juyi ya ɗore na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ruwan yakan cim ma bututun, gashin ya miƙe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an daina juyawa. Idan a sannan matuƙi ya dubi agogo ya gyara, sai ruwan ya tura gashin ɗaya ɓangaren, jikinsa ya rantse masa cewa yanzu ne ya karkata. Yaron da ya yi ta juyi a tsakar gida ya tsaya cak, ya ga duniya tana juyawa baya da shi, wannan abin ne ya same shi. Bambancin shi ne yaron yana da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa da katanga a gaban idonsa, su gyara masa labari.

Nauyin jiki ma ba ya ceto. A jirgin da ke juyawa daidai, ƙarfin juyin yakan danna mutum cikin kujerarsa kai tsaye, har ruwan da ke cikin kofi ba ya zuba ko da fiffike ɗaya yana nuna teku. Abin da matuƙin zai lura da shi shi ne ƙarar iska tana ƙaruwa da allurar tsayi tana sauka. Dabi'a za ta sa ya ja sitiyari domin ɗaga hanci. A jirgin da ke miƙe wannan daidai ne. A jirgin da ya kwanta gefe kuwa, jan sitiyari ƙara matse da'irar yake yi, jirgin ya riƙa wulwulawa ƙasa kamar katantanwa. Matuƙa suna kiran wannan juyin kabari, kuma sawun daƙiƙun ƙarshe na jirgin Kennedy ya yi daidai da siffarsa.

Darasin da aka koya da wuya

A shekarun farko na tuƙin jirgi, matuƙa suna alfahari da cewa da jiki suke tuƙi, kuma wanda ya shiga gajimare bai fito ba akan ɗora laifin a kan iska ko inji. Kamfanin Elmer Sperry ya ƙera na'urar nuna juyi tun wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, amma matuƙa da yawa sun riƙa mayar da ita suna cewa a cikin gajimare takan lalace, domin takan nuna juyi alhali su suna jin a miƙe suke.

A 1926, a San Francisco, wani likitan soja mai suna David Myers ya zaunar da wani gogaggen matuƙi, William Ocker, a kujera mai juyawa, ya sa ya rufe ido. Ocker ya kasa faɗin ɓangaren da ake juya shi, ya kuma ce yana juyawa bayan an tsayar da kujerar. Sai ya koma ya sa na'urar nuna juyi da 'yar tocila a cikin akwati, ya leƙa ciki aka sake juya shi, wannan karon bai yi kuskure ba. A nan ya gane cewa na'urar ce mai gaskiya tun farko. Shi da abokin aikinsa Carl Crane har tattabaru suka rufe wa ido suka sake su daga jirgi, tsuntsayen ma suka kasa tashi daidai. A 1932 suka wallafa littafin koyar da tuƙi da na'ura. Kafin nan, ranar 24 ga Satumba, 1929, James Doolittle ya tashi daga filin Mitchel a Long Island cikin rufaffen mazauni, ya zagaya ya sauka ba tare da ya ga waje ba, yana dogara ga agogunansa, ciki har da sabuwar na'urar Sperry mai zana layin sama a gaban matuƙi. Jikar wannan na'ura tana gaban Kennedy a daren 16 ga Yuli, kuma hanyarsa ta bi ta arewa da tsibirin da Doolittle ya yi gwajinsa.

Samun na'ura a gaba daban, iya gaskata ta daban. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon na'ura, aka toshe musu ganin waje a cikin jirgi. Dukkansu sun rasa iko da jirgin, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne, wato bai cika minti uku ba. Horon na'ura a haƙiƙa horo ne na ƙaryata kai: mutum ya koyi zagaya ido daga agogo zuwa agogo ba fashi, ya kuma bi abin da allura ta ce a daidai lokacin da dukkan gaɓoɓinsa suke kururuwar akasin haka. Kennedy yana tsakiyar koyon wannan ne. Kuma lokacin gangarowa shi ne lokacin da ayyuka suke taruwa: rage inji, neman fitilun filin jirgi ta taga, duba taswira, murɗa rediyo. An sami rediyonsa a kan lambar da ta saɓa da ta tashar yanayin Martha's Vineyard da lamba ɗaya. Kowane ɗauke ido daga agogo, kowane sunkuyar da kai, dama ce ga fiffike ya sauka a ɓoye.

La'ana ko sababi

Da labarin ya bazu, jaridu da yawa sun koma ga tsohuwar maganar la'anar gidan Kennedy, kuma tarihin gidan da jiragen sama ya ba su abin kamawa. Joseph, yayan shugaban, ya mutu ranar 12 ga Agusta, 1944, lokacin da jirgin yaƙinsa ya tarwatse a sararin Ingila. Ƙanwarsa Kathleen ta mutu ranar 13 ga Mayu, 1948, a ƙaramin jirgi a kudancin Faransa. Sanata Edward ya karye a baya ranar 19 ga Yuni, 1964, lokacin da ƙaramin jirginsa ya faɗa gonar tuffa a Massachusetts, matuƙin da wani hadiminsa suka rasu. Amma idan aka ɗauki kowanne aka duba, sababinsa yana tsaye a fili. Jirgin Joseph cike yake da nakiya. Na Kathleen cikin hadari ya shiga. Na Edward da dare yake neman sauka cikin hazo mai kauri, yana sauri ya kai shi taron jam'iyya. Abin da ya haɗa su shi ne gida ne da ke yawan hawa jirage, sau da yawa ƙanana, sau da yawa kuma akwai wurin da ake jiran su.

Mumini ya yarda cewa ajali ba ya jinkiri, kuma wannan yarda ba ta taɓa hana shi tambayar ta wace ƙofa ajalin ya shigo ba. Illar kalmar la'ana ita ce tana rufe wannan tambaya, ta mayar da abin da zai iya samun kowane matuƙi ya zama abin da ya keɓanta da gida ɗaya. Alhali ɗimuwa ba ta san sunan uban kowa ba. Ko a nan gida, ranar 25 ga Oktoba, 2012, gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya faɗi da ƙaramin jirgin da yake tuƙawa da kansa a kusa da Yola, kuma tuƙi da ido bayan faɗuwar rana yana cikin abubuwan da masu bincike suka lissafa. Ya tsira da munanan raunuka, ya rasu a 2017.

Kammalawa

Idan aka jera sabubban daren 16 ga Yuli, za a ga babu guda ɗaya da ya isa ya kashe mutum shi kaɗai. Jinkirin awa biyu ya mayar da tafiyar rana ta dare. Hazo ya shafe layin sama, rahoton yanayi bai nuna haka ba. Doka ta auna nisan gani da mil, ba ta tambayi ko akwai abin gani a cikin milolin ba. Hanyar da aka zaɓa ta bar fitilun gaɓa da wuri. Jirgin sabon hannu ne, horon na'ura rabi ne, kujerar malami babu kowa, rediyo shiru, na'urar riƙe jirgi a kashe. A bayan duk waɗannan akwai biki washegari, da surukar da aka yi wa alkawarin kaiwa, da tafiye-tafiye 35 da suka ƙare lafiya, waɗanda suka koya masa cewa hanyar mai sauƙi ce. Da an cire ɗaya daga ciki, wataƙila da jirgin ya sauka kafin ƙarfe goma.

Wasu daga cikin waɗannan ba a hannunsa suke ba, wasu kuwa a hannunsa suke, kuma mafi sauƙinsu shi ne wanda ya fi wuyar yi: ya tsaya a filin Essex da ƙarfe takwas da rabi, ya dubi gabas, ya ce wa mata biyun da suka riga suka iso da jakunkunansu sai da safe. Wani matuƙi a filin ya yi haka a wannan yammaci, ya koma gida. Daga Hyannis Port kuwa aka ɗage bikin, tantin da aka kafa domin baƙi ya zama wurin addu'a, dangin Bessette suka rasa 'ya'ya mata biyu a dare ɗaya. Har yau makarantun tuƙi suna shimfiɗa wa ɗalibai sawun radar waɗannan mintuna bakwai, su bi shi juyi bayan juyi, kafin a sa musu abin rufe gani a ce su dubi allura su bi ta, ko da jiki ya ce musu ƙarya take yi.